Teburin Inna

A tashar Gwarzo ana ɗaure wani siririn tebur a kan motar Kabo, sai wata Hajiya ta dubi mai shi.

"Malam, wannan tebur ne ko gada?"

Ya yi dariya. "Kicin ɗinmu ne kamar lungu, Hajiya. Mai faɗi zai tare hanya."

"Tabarma laifi ta yi muku?"

"Ciwon gwiwa ne ya hana Innata zaman ƙasa. Tun bara ita kaɗai take cin tuwo a bakin gado, har ta rame."

"Allah sarki! Ta san da zuwansa?"

"Ita ta zaɓi fentin. Tun da safe ta sa jikoki suka share wurin."

"Kai direba, ƙara igiya mu tafi! Inna na jira."