Murfin Mero

A tashar motar Suki, wata tsohuwa ta tsare budurwar da ke gefenta da ido.

"Ke, mi kike ma dariya? Hotona kike ɗauka?"

"A'a wallahi, ya Hajja, fim ne. Mata biyu ke gudun 'yan sanda, suna ta faɗa."

"Mu gani. Ƙarya ne! Wa ke gudu da jan baki? Ranar da yaƙi ya kore mu, ni na suri tukunya, maƙwabciyata Mero ta suri murfi. Ko gaisuwa ba ta haɗa mu, amma dole muka tafi tare, muna zagin juna har Damazin."

"Kin gani? Kamar fim ɗin! Ina take yanzu?"

"Kashe abin nan, ɗiyata. Tukunya da murfi duk suna hannuna."