Igiyar Malamin Gona

Hure: Salamu alaikum. Inuwa? Kana ji na?

Inuwa: Wa alaikumus salam. A'a, Yaya Hure! Ina wuni?

Hure: Lafiya lau. Ya aiki? Ya mutanen Rijiyar Zaki?

Inuwa: Da godiya. Ya Baba? Ya ƙafar Inna?

Hure: Da sauƙi. Ya ruwa a wajenku?

Inuwa: Ya yi gyara. Ya yara?

Hure: Kowa lafiya. Har awakin Baba lafiya, tunda aka haife su ba su taɓa ƙoshi irin na yau ba.

Inuwa: Madalla! Ai na gaya muku, kiwo ilimi ne.

Hure: Ilimi kam mun gan shi. Ka tuna shuɗiyar igiyar ledar da ka kawo ran Lahadi? Ranar da ka kwance wa awakin igiyar ramar Baba ka wurgar, ka ce ta zamanin jahiliyya ce?

Inuwa: Ban ce jahiliyya ba, cewa na yi ta tsufa.

Hure: A gabana ka faɗa. Ka tsuguna da farar shaddarka kana kallon waya kana ƙulli, wai ɗaurin masu jirgin ruwa. Yaushe garinmu Zakirai ya yi teku, Inuwa?

Inuwa: Yaya, wannan ƙullin a duniya an san... halo? Halo?

Hure: Ina jin ka, ci gaba da duniyar.

Inuwa: Wai me ya faru ne?

Hure: Baba ya ce maka akuya a ƙafar gaba ake ɗaure ta, a tamke ƙullin a jikin turke, a ja da ƙarfi a gani. Ka ce a'a, a wuya ya fi tausayi. Ya ce leda santsi gare ta, in ta sha ruwa ba ta riƙe ƙulli. Ka yi masa dariya.

Inuwa: Murmushi na yi.

Hure: To, da asuba aka yi yayyafi. Kafin rana ta ɗago ƙullin naka ya warware kamar zariyar wando. Awaki huɗu har da bunsuru, kowa na jan igiyarsa a baya, kamar 'yan biki.

Inuwa: Innalillahi! Bayan mai unguwa ya yi shelar a ɗaure dabbobi? Gonar wa suka shiga? Kar ki ce ta Hajiya Kaltume, matar nan ba ta da sauƙi.

Hure: Ina ma ta Kaltume ce. Da zagi kawai za mu sha.

Inuwa: To ta wa?

Hure: Wace gona ce aka kafa wa allo a bakin hanya, da sunanka ɓaro-ɓaro, malamin gona Inuwa?

Inuwa: Yaya, bana son irin wannan wasan.

Hure: Gonar gwajin waken nan da ka yi wata guda kana lallashin Malam Hadi ya ba ka aron fili. Ita.

Inuwa: Waken da ya fara fure? Wayyo Allah! Ran Asabar ogana zai zo da baƙi su gani! A kansa za a tabbatar da ni a aikin nan! Nawa suka ci? Kunya ɗaya? Biyu?

Hure: Tambayi nawa suka bari, zai fi saurin faɗa. Akwai 'yan kunyoyi uku ta wajen darbejiya, can ma bunsurun ya gwada, tunda gonar gwaji ce.

Inuwa: Kina dariya? Aikina fa ake magana!

Hure: Na yi kukan tun safe, na gaji. Malam Hadi da kansa ya koro su zuwa gidan mai unguwa. Sai ya ɗaga igiyar yana tambayar jama'a ko akwai wanda ya san wannan ɗaurin. Mai unguwa ya ce wanda ya ɗaure ya zo da ƙafarsa.

Inuwa: An ce ni ne?

Hure: Ba wanda ya faɗa tukuna. Baba ya yi shiru, wai kar a ɓata maka suna.

Inuwa: Alhamdulillahi. To saurara, Yaya. Ki je ki karɓo igiyar ki ɓoye. In an matsa, a ce Baba ne ya ɗaure.

Hure: Baba?

Inuwa: Ai tsoho ne, ido ya yi rauni, hannu na rawa. Ba wanda zai ga laifinsa. Ni kuwa in oga ya ji malamin gona bai iya ɗaure akuya ba, na gama yawo.

Hure: Mutumin da ya shekara hamsin dabbarsa ba ta taɓa ganyen wani ba? Shi za a tsayar gaban mai unguwa a ce ya rikice?

Inuwa: Na kwana biyu ne kawai, mutane za su manta. Ke dai kar ki gaya masa ni na ce. Ki nuna kamar shawararki ce.

Hure: Ba sai na gaya masa ba.

Inuwa: Kamar yaya?

Hure: Tsohuwar wayar da ka ba ni ce fa. Ka manta ba a jin magana sai a sifika? Tun sallama yana nan gefena a kan tabarma, yana tufka sabuwar igiyar rama.

Inuwa: Baba? Baba, ina wuni... Baba, wallahi ba haka nake nufi ba...

Hure: Daina gaisuwa, ya miƙe. Ya sa hularsa.

Inuwa: Ina za shi?

Hure: Gidan mai unguwa. Ya ce in gaya maka ka kwantar da hankalinka, zai ce shi ne.

Inuwa: Ki tsayar da shi! Yaya, don Allah ki riƙe shi, yanzu zan hau mota...

Hure: Ya riga ya fita zaure. Katina ma ya ƙa...