Kwamfutar da aka hana ni cire wa caja

Assalamu alaikum mai gabatarwa, ina gaishe ka da dukkan masu sauraro.

Daga Gummi nake rubutowa, bana na gama jami'a. Ƙanwata ta samu gurbin karatu, aka ce lallai sai ta zo da kwamfutar tafi-da-gidanka. Inna ta sayar da shinkafarta ta damƙa mini kuɗin, amma ba su kai na sabuwa ba.

Wani mai shago ya nuna mini ta hannu, fes da ita, tana aiki a jone da janareto. Na ce ya cire caja in ga ƙarfin batirin, tunda wuta ba ta zama. Sai ya dafe wayar ya ce, "Haba ɗan boko, mi kaka tsoro? Wagga daga Turai ta hito!" Da na nace, ya ce cire caja yana lalata kwamfuta. Ban taɓa jin haka ba, kuma ko sau ɗaya bai dube ni ba.

Yanzu ya ce in ban biya zuwa Juma'a ba, akwai wani Alhaji mai so. Masana, ku ba ni shawara don Allah: in saya, ko in bar wa Alhajin nan da ba wanda ya taɓa gani?