Kada a Tsayar da Agogon Emenike

Mai girma shugaban wannan taro, Injiniya Ayinde Opeoluwa. Mai girma Fada da ya buɗe mana taro da addu'a, da limamin masallacin layin nan da ke zaune kusa da shi. Uwargidan marigayi, Madam Immaculata. 'Yarsa Uzoamaka da sauran iyali. Shugabannin 'yan kasuwar Bukuru. Abokaina na Ƙungiyar Masu Sauraren Daƙiƙa, mu huɗun da muka rage. Maƙwabta maza da mata, har da waɗanda suka ga rumfa a bakin titi suka tsaya: ina yi muku sallama, ina yi muku barka da zuwa.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Tanimu Garba, mai gyaran agogo daga Ali Kazaure. Ina godiya ga iyalin da suka tara mu a ƙofar shagon nan don cikar aminina Emenike shekara guda da rasuwa, ina kuma godiya da suka ba ni minti goma. Ku kwantar da hankalinku, minti gomana ba irin na masu jawabin biki ba ne.

A takardar tsarin taro an rubuta cewa da sha biyun rana za a tsayar da agogon da ke jikin bangon shagon nan, a mayar da hannuwansa kan lokacin da marigayi ya cika, a kai shi falon gida don tunawa. Na san ƙauna ce ta kawo wannan shawara. Amma na taso tun daga Jos ne in roƙe ku, a gaban jama'a, kada a tsayar da shi. Ku ba ni dama in faɗi dalilaina.

Na farko, ku san abin da za ku tsayar. Agogon nan na ofishin wani kamfanin haƙar kuza ne. Da aka yi gwanjon kayan kamfanin a 1984, ni da Emenike muka haɗu a kansa, ban san shi ba, bai san ni ba, kowa ya riƙe gefe guda. Na ce ni ne mai gyaran agogo. Ya ce da ni, "Malam, kai ka iya gyara, amma wa zai gaya maka agogo yana gaskiya? Ni ne ina da rediyo." Sai muka saye shi tare. Ranar muka rataye shi a nan, muka tura sandar lilonsa, kuma tun daga wannan rana bai tsaya ba ko sau ɗaya.

Duk Asabar nakan shigo bas daga Jos. Kafin sha biyu Emenike zai kunna rediyonsa ta gajeren zango, ya kori masu ciniki, ko da kuwa mutum ya riga ya miƙo hannu. Sai mu jira ƙarar nan guda shida da tashar ke yi don nuna cikar awa, biyar gajeru, ta shida doguwa. Shi kunnensa na rediyo, hannunsa a sama. Ni idona na kan hannun daƙiƙa. Doguwar na shigowa sai ya sauke hannu, ni kuma in faɗi abin da na gani. Daga nan ya murɗa mabuɗi, nauyin dalmar da ke tafiyar da agogon ya koma sama, Madam ta aiko da shayi. A Jos mutane sun ce mun zautu. A Bukuru ma sun faɗa, sai dai su kan leƙo su saita nasu agogon kafin su wuce.

Mun koyi halinsa kamar yadda ake koyon halin mutum. Idan sanyin Disamba ya kama, sandar lilon takan tsuke, sai ya riƙa gaggawa. Idan zafin Maris ya zo, takan miƙe, sai ya yi nawa. Emenike ya ƙera ɗan faranti a tsakiyar sandar, muka yanka kuza ƙanana kamar ƙwayar shinkafa. In ya yi nawa mu ɗora ɗaya, in ya yi sauri mu ɗauke ɗaya, da ɗan hantsaki, yana cikin lilonsa. Dokarmu guda ce: ba a taɓa hannun agogo, ba a tare lilonsa.

Shi kuwa marigayi, kunnensa abin tsoro ne. Yana zaune zai ce wa maƙwabcinsa mai aski, "Valentine, janareta naka yana gudu hamsin da biyu, rage shi kafin ya ƙona maka kaya." A ɗauko na'urar awo a duba, hamsin da biyun ne. Ga Valentine can yana dariya, ku tambaye shi.

Na biyu, ku san abin da ya ratsa. Kun san shekarun da garin nan ya rikice, aka rufe hanyoyi, maƙwabci ya daina kallon maƙwabci. Ba zan tayar da wannan a yau ba. Abin da zan ce kawai, nauyin agogon nan kwana takwas yake yi kafin ya kai ƙasa, kuma bai taɓa kaiwa ba. Makonnin da ban iya zuwa ba, nakan kunna tawa rediyon a Ali Kazaure da sha biyu, na san akwai wani a Bukuru da hannunsa ke sama. Da wannan na samu natsuwa, a lokacin da natsuwa ta yi wuya.

Na uku, kuma shi ne mai nauyi a bakina, laifina ne. Shekara shida da suka wuce Emenike ya tafi gida bikin Kirsimeti, ya bar mini mabuɗi na mako uku. A lokacin an saya mini sabuwar waya, an nuna mini yadda ake kama tashar ta intanet, murya tas, babu shuu. Na ce na huta da tsohuwar rediyo. Ƙarar ta shida ta shigo, na duba, sai na ga agogo ya wuce da daƙiƙa ashirin. Daƙiƙa ashirin! Agogon da ba ya kuskuren biyu a mako! Na ce sanyi ne. Na ɗauke kuza ɗaya. Mako ya zagayo, bai gamsar da ni ba, na kwashe sauran duka.

Emenike ya dawo, ya kunna rediyonsa, ya ce in kunna wayata a gefe. Rediyo ta gama ƙararta, muka zauna muna kallon juna, can sai ga ta waya ta iso, tana tafe a hankali kamar bas ɗin da ya tsaya ɗaukar kaya. Ya ce, "Malam, agogo bai yi ƙarya ba. Waya naka ne yana makara. Ka hukunta mai gaskiya."

Kunya ta sa na miƙa hannu zan tura hannun agogon gaba, a wuce wurin. Ya riƙe ni. Ya mayar da kuzar, ya ƙara biyu, ya ce a bar shi ya kamo lokacin da ƙafarsa. Mako tara muka yi muna jira. Bai taɓa gaya wa kowa ba, har matarsa. Yau ni na faɗa, don ku gane cewa wannan aiki ba na mutum ɗaya ba ne: dole wani ya saurara, wani ya duba.

Jama'a, shekara guda ke nan ina zuwa ni kaɗai. Ina murɗa mabuɗi, amma gaskiyar da ban faɗa wa kowa ba ita ce, tun damina kunnena ya daina kama ƙarar nan. Ina kara rediyo a kunne, ba na jin komai sai shuu. Ban san ko agogon aminina yana gaba ba, ban san ko yana baya ba. Wannan ya fi ciwon gwiwata damuna.

Ku dubi nauyin dalmar can, saura kaɗan ya taɓa ƙasa. Ko ba ku tsayar da shi ba, gobe zai tsaya da kansa. Madam, ki gafarce ni. Kina son ya nuna lokacin da mijinki ya tafi. Minti ɗaya ne wannan a rayuwarsa, kuma shi ne kaɗai mintin da bai saurara ba. Ni ina roƙon a bar shi ya ci gaba da nuna lokacin da muke ciki. Kunne nake nema, na minti biyar, duk Asabar.

Ranka ya daɗe shugaba, saura minti biyu sha biyu ta cika. Na ga Uzoamaka ta miƙe. 'Yata, zo. Kunna rediyon babanki, tana kan tashar, ba a taɓa juya ta ba. Kin san yadda ake yi? Ta ce tun tana goye take gani. To, ɗaga hannu. Jama'a, ina roƙon shiru.

Ta sauke hannu. Daƙiƙa uku a gaba. Tun damina babu mai jin ƙarar, daƙiƙa uku kacal! Ku yi haƙuri da ni, idona ne ya kawo ruwa. Ga mabuɗin, 'yata, Madam ta gyaɗa kai. Murɗa a hankali, sau goma sha huɗu. Kuzar ki bar mini, ni zan ɗauke ɗaya, wannan karon da hujja.

Allah ya ba iyalin Emenike haƙuri, ya albarkaci zuriyarsa. Allah ya zaunar da Bukuru da Jos lafiya, ya bar maƙwabci da maƙwabcinsa. Allah ya mayar da kowa gidansa lafiya. Na ci muku minti biyu a kan gomana, karon farko a rayuwata, ku yafe mini. Uzoamaka, sai Asabar, kafin sha biyu.

Na gode.