Masu Sayar da Barci

Cunkoson mahaɗar titin Bata ya tsare adaidaita sahun da ya ɗauko Dakta Waliu, likitan allurar barci, da wani dattijo mai shagon katifa a Sabon Gari.

"Ashe sana'armu ɗaya, Likita," in ji dattijon, bayan ya ji irin aikin da likitan yake yi. "Yaya ake biyanka?"

"A asibitin gwamnati albashi ne, Baba. A na kuɗi kuwa, kowane mara lafiya da kasona. Can nake tunanin komawa."

"Kuɗi hannu, kafin ya kwanta?"

"Sai ya farka. Ai tashin ake biya, ba barcin ba."

Dattijon ya dube shi da tausayi.

"Zauna a gwamnati, ɗana. Tun ina saurayi nake sayar da barci, ban taɓa yi wa kowa alkawarin tashi ba."