Mai Gani Cikin Barci

A ɗakin jiran likitan ido, wani dattijo ya tambayi matar da ke gefensa sana'arta.

"Labarin fim nake rubutawa, Baba. Yanzu ina kan na wani makaho da yake gani tar a mafarki."

"Allah sarki. A ƙarshe dai zai warke ko?"

"Haka darakta yake so. Na ƙi."

"Haba 'yata, mafarki ai ba gaskiya ba ne."

"In ji wa? A can yake ganin fuskar ɗansa kullum. Wannan ganin ne ƙarya?"

"To, ki tausaya masa mana."

"Ni ba tausayi nake nema ba, Baba!"

Da aka kira ta, ta miƙe tana laluben bango.