Mai Sharar Ƙarƙashin Ruwa

A bencin shagon gyara, wata tela da ta kawo kekenta ta kasa ɗauke ido daga injin da wani dattijo ya rungume a cinya kamar jika.

"Baba, wannan mai kama da kunkuru fa?"

"Mai shara ne, 'yata. A tafkin wanka na otal ɗinmu yake aiki. Ka jefa shi ruwa, ya nutse, ya goge ƙasa da burushi, ya hau bango, ya zuƙe datti cikin jakarsa."

"Ikon Allah! Wa ke tuƙa shi?"

"Shi ke tuƙa kansa. Sai ya zagaye tafkin ya haddace kusurwoyinsa. Amma bayan tsani ya gagare shi. Ni kuwa shekara ashirin ina sharar nan, ban taɓa tsallake wurin ba."

"To yanzu kai me kake yi?"

"Ina zazzage masa jaka, in wanke matatarsa, in ajiye shi a inuwa. Na zama yaronsa. Manaja ma ya fara tambayar amfanina."

"Me ya same shi?"

"Gashi ne ya nannaɗe farfelarsa. Tun daga kukansa na gane."

Telar ta zaro almakashi daga jakarta.

"Gashi kawai? Kawo, yanzu zan tsinke shi."

Dattijon ya ƙanƙame injin, ya waiga hagu da dama.

"Mayar da almakashinki, 'yata, don Allah. Mai gyara ya yi min alkawarin sai ya yi mako biyu a nan."